Hukuncin Kwaikwayon Manya Don A Yi Dariya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya suranta shi yadda Ya so, Ya kuma haramta jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana matashi, Allah Ya yi maka albarka, dalilin rubuta wannan ɗan littafi wata tambaya ce da samari suka yi mini a Gaya bayan karatun dare, sa'an nan ba a yi sati biyu ba aka sake yi mini irinta a Ajingi. Tambayar ita ce: Malam, mutum ya sa babbar riga, ya kafa hula, ya kwaikwayi muryar gwamna ko ciyaman ko wani sarki, da tafiyarsa da tarinsa, a ɗauka a waya a watsa don jama'a su yi dariya, mene ne hukuncinsa? Wanda ya yi tambayar a Gaya so yake in ce haramun ne, a rufe magana. Na Ajingi kuwa so yake in ce jihadi ne. Na lura kowannensu ya zo da fatawarsa a aljihu, hannu kawai yake so in sa masa. To, ban sa wa kowa ba, domin al'amarin yana da fuska biyu, kuma wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya lalle zai zalunci wani.

Abin da ya tayar da tambayar kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Nuwamba na shekarar 2022, wata kotun majistare da ke unguwar Nomansland a birnin Kano ta yanke wa waɗansu samari biyu hukunci saboda wani wasan barkwanci da suka sa a TikTok game da gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. An tuhume su da ɓata suna, suka amsa laifi. Aka ce a yi wa kowannensu bulala 20, ya biya tara, su share harabar kotu har kwana 30, sa'an nan su fito su ba gwamna haƙuri a bainar jama'a. Ƙungiyar Amnesty International ta yi tir da hukuncin, gari ya rabu biyu. Waɗansu suka ce maganinsu ke nan, yara marasa kunya. Waɗansu suka ce ashe talaka ba shi da ikon ko da dariya.

Kuma ba shi ne na farko ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, nan kusa da mu, wanda ya rasu a 2014, an ɗaure shi wata biyu a 2008, zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, bayan hukumar tace fina-finai ta kai shi kotun tafi-da-gidanka. Abin da aka rubuta a takardar tuhuma daban, abin da mutanen gari suka yi ta faɗa daban: wai an hango shaguɓe ga gwamna a cikin wata waƙa ta fim ɗinsa. Mutumin da ya taɓa yin aikin gandiroba, sai ga shi a cikin ɗakin da yake kulle wasu. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana da shi.

Kada kuma ka zaci waya ce ta kawo wannan abu ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa. Sun san kalankuwa bayan an gama girbi, inda samari suke naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Sun san tashe daga goma ga azumi, sun san 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai su mayar da shi zancen tuwo da miya. Bambancin shi ne, wancan wasa a dandali ake yinsa, gari ya waye ya wuce. Na yau kuwa ba ya wucewa. Sa'an nan daɗewar abu a cikin al'ada ba ta halatta shi, kamar yadda sabuntarsa ba ta haramta shi. Ma'auninmu Alƙur'ani ne da Sunna bisa fahimtar magabata na ƙwarai.

Kwaikwayo giba ce ta jiki

Ka sani, ya ɗan'uwa, yawancinmu mun ɗauka giba da harshe kaɗai ake yinta. Ba haka ba ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta taɓa kwaikwayon wani mutum a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya nuna mata cewa shi ba ya son ya kwaikwayi wani ko da za a ba shi dukiya mai yawa a kan haka. A cikin hadisin nan ne kuma ta ambaci gajartar Nana Safiyya, ya gaya mata cewa kalmar da ta faɗa ta isa ta gurɓata ruwan teku. Duba fa, Uwar Muminai ce, a cikin ɗakinta, ba 'yan kallo, ba waya, kuma abin da ta faɗa gaskiya ne. To, ina ga wanda ya shirya, ya gwada sau uku, ya nemi mai riƙe masa kyamara?

Saboda wannan ne Imam Gazali a cikin Ihya'u da Imam Nawawi a cikin Azkar suka lissafa kwaikwayo a cikin nau'o'in giba, irin mutum ya yi ɗingishi da gangan don ya nuna tafiyar wane. Gazali ma ya ce ya fi giba ta baki tsanani, domin ya fi ta fito da surar mutum a idon mai kallo. Wannan kuwa kai ma ka sani. Idan aka ce maka wane yana i'ina, ka ji ka manta. Idan aka yi maka i'inar tasa, duk ranar da ka gan shi sai ka danne dariya.

Ka buɗe Suratul Hujurati, aya ta 11 da ta 12, ka karanta a hankali. Allah Ya hana maza su yi wa maza izgili, Ya hana mata su yi wa mata, Ya faɗi dalili, watau mai yiwuwa ne wanda ake yi wa dariyar ya fi mai yinta a wurin Allah. Ya hana aibata juna, Ya hana jifan juna da laƙabi, Ya kira wanda bai tuba ba azzalumi, sa'an nan Ya kamanta mai giba da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Nemi wurin da aka ce ban da gwamna, ko ban da ɗan wata jam'iyya. Babu. Mutuncin Musulmi ba ya faɗuwa don ya ci zaɓe, haka kuma ba ya ƙaruwa don ya ci zaɓe. Wannan magana ta biyu ka riƙe ta, za mu dawo kanta.

Imam Ahmad ya ruwaito cewa wata rana Abdullahi ɗan Mas'udu ya hau bishiya zai karyo asuwaki, iska ta kaɗa shi, mutane suka ga sirantar ƙwaurinsa suka yi dariya. Annabi ya sanar da su cewa waɗannan ƙwauri biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Mutum bai zaɓi tsawonsa ba, bai zaɓi muryarsa ba, bai zaɓi girman hancinsa ba. Wanda ya yi wa gini dariya, da maginin yake.

A nan zan gaya maka abin da ba na jin daɗin faɗa. Sa'ad da nake jami'a ina karatun addinin Musulunci, ni ne gwanin kwaikwayo a ɗakin kwananmu. Akwai wani dattijon malami da yake koya mana, yana da wata 'yar sarƙewar harshe, ga shi kuma yakan gyara tabarau kafin kowace jimla. Da dare in an gama cin abinci sai a ce, wane, yi mana Malam. In tashi in yi, har da tabarau na aro, abokai su yi ta birgima. Da rana kuma ina gaban aji ina rubuta babin giba daga bakinsa. Ban taɓa jin cewa labarin ya kai masa ba. Na yi ta cewa wata rana zan je in gaishe shi in nemi afuwa ko da a dunƙule, har aka aiko mini ya rasu. Yau ba ni da abin yi sai addu'a da sadaka a madadinsa. Wallahi har yanzu idan na karantar da hadisin da na koya a wurinsa, muryar da nake ji a kaina wani lokaci ba tasa ba ce, tawa ce ta kwaikwayo. Saboda haka ba daga kan tudu nake hango laifinka ba.

Kuma kada wani ya fahimci cewa Musulunci ya hana raha. Annabi yana yin raha, sai dai ba ya faɗin ƙarya a cikinta. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi da yake ba Annabi dariya, har ma da aka hukunta shi a kan shan giya wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. Haka nan kwaikwayo don koyarwa ya tabbata: Ɗan Mas'udu ya ba da labarin yadda Annabi ya nuna musu halin wani annabi da mutanensa suka yi wa rauni, yana shafe jini daga fuskarsa yana nema musu gafara. Abin da aka yi wa narko shi ne wulaƙanta ayyanannen mutum, da kuma ƙirƙirar ƙarya don a ba mutane dariya, wanda ya zo da kakkausan gargaɗi a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Mai kwaikwayon shugaba kuwa da wuya ya tsira daga ƙarya, domin dole ya sa masa magana a baki wadda bai faɗa ba, in ba haka ba wa zai yi dariya?

To, sai mu yi shiru a cuce mu?

Wannan ita ce tambayar saurayin Ajingi, kuma tambaya ce ta gaskiya. Ya ce, Malam, asibitinmu ba magani, ajin ƙannenmu ba rufi, taki ya zo an raba a tsakar dare. In mun rubuta takarda ba mai karantawa. In mun yi wasa kowa ya kalla. Me za mu yi?

Ban ce ka yi shiru ba. Wanda duk ya gaya maka cewa addini ya ce talaka ya rufe bakinsa, ya yi wa addini ƙarya. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta rangwamen ya bayyana abin da aka yi masa. Hadisin Tamimud Dari a cikin Muslim ya sa shugabanni a cikin waɗanda nasiha ta wajaba a yi musu. Hadisin Abu Sa'idil Khudri ya sa faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba a matsayin mafificin jihadi. Shi kansa Abu Sa'idu ya aikata haka: ranar Idi a Madina, gwamna Marwan ya nufi mumbari zai yi huɗuba kafin salla, Abu Sa'idu ya riƙe masa riga ya gaya masa cewa sun canja sunna. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan. Amma ka lura da abin da ya yi. Aikin ya kama, a gaban mai aikin, da sunansa da fuskarsa. Bai koma bayan masallaci ya tara yara ya nuna musu yadda Marwan yake taku ba.

Imam Nawawi a cikin Riyadus Salihina ya kawo wurare shida da aka yarda a ambaci mutum da abin da yake ƙi, daga cikinsu akwai kai kuka a kan zalunci, da neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin Musulmi, da mai bayyana fasiƙancinsa a fili. Amma a kan na ƙarshen ya sa sharaɗi: abin da ya bayyana kaɗai za a ambata, ba a tsallaka zuwa sauran aibobinsa. Ke nan idan shugaba ya ci kuɗin rijiya, kuɗin rijiya ne ya halatta gare ka, ba tumbinsa ba. A shekarar 2018 jaridar Daily Nigerian ta fitar da bidiyon da ta ce yana nuna gwamnan Kano na lokacin yana karɓar daloli, shi kuwa ya musanta. Duk ɗan Kano yana da haƙƙin ya ce a bincika a gaya mana gaskiya, domin maganar dukiyar jama'a ce. Wannan daban, kwaikwayon gyangyaɗin mutum daban.

Bari in ba ka misali daga nan gida, ba zan faɗi gari ba, ba zan faɗi suna ba. Wata damina aka kawo taki, wani mai riƙe da ɗan muƙami ya raba wa 'yan gidansa da abokan siyasarsa. Mutumin yana ɗingishi, shan inna ta taɓa shi tun yana yaro. Wani saurayi mai basira, wanda mahaifinsa bai sami ko mudu ba, ya ɗauki buhu a ka a majalisarsu, ya yi tafiyar mutumin, wani ya ɗauka a waya. Kafin sallar isha'i ta zaga gari. To, me ya biyo baya? Kwana uku ana maganar ɗingishi, ba wanda ya sake maganar taki. Dattawa suka ce yaro ya yi rashin kunya, kuma sun yi gaskiya. Wanda ya yi zalunci ya koma shi ne abin tausayi. Uban yaron, wanda aka hana haƙƙinsa, shi ne ya cire takalmi ya durƙusa a zauren wanda ya hana shi yana ba da haƙuri. Abin da ya fi ci mini rai, a cikin majalisar nan akwai wani bawan Allah mai gyaran takalma, shi ma shan inna ta kama shi, bai ci takin kowa ba. Yana zaune aka yi, ya yi murmushi irin na dole, bai sake zama a wurin ba. Ka ga kibiyar da aka harba wa mai muƙami, a jikin wa ta tsaya?

Da saurayin nan ya tsaya a gaban waya ya ce buhu nawa aka kawo, ga ranar da aka sauke, ga waɗanda suka gani, muna neman a karanta mana sunayen waɗanda aka ba, da ba a sami dattijon da zai ce ya yi rashin kunya ba. Na san wannan ba ya tara 'yan kallo kamar wancan, kuma ya fi wancan bukatar ƙarfin zuciya, domin ba ka da mafakar cewa ai wasa nake yi.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi masa rahama, da ya tashi sukar sarakunan zamaninsa a cikin Kitabul Farƙi, ayyukansu ya jera: harajin da shari'a ba ta sa ba, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai kuka, da ƙwace dukiyar talakawa. Ba za ka sami inda ya tsaya siffanta hancin Sarkin Gobir ba. Malam Aminu Kano kuma tun yana ɗalibi ya rubuta wasannin kwaikwayo yana fallasa cuta da danniya. Malaman zamani sun yi saɓani a kan wasan kwaikwayo shi kansa, waɗansu sun hana, waɗansu sun yarda da sharuɗɗa. Amma ko a wurin waɗanda suka yarda, akwai rata tsakanin ka fito a matsayin wani alƙali mai cin hanci wanda ba a ayyana ba, da ka fito a matsayin wane ɗan wane. Giba ba ta tabbata sai an gane wanda ake nufi. Annabi ma idan zai gyara kuskure a kan mumbari yakan ambaci aikin ya ɓoye mai aikin. Sai dai kada ka yi wa Allah wayo, ka ce ai ban faɗi suna ba, alhali ka sa irin hularsa, ka yi irin tarinsa, yaro ɗan shekara bakwai ma ya gane.

Bulalar fa?

Yanzu kuma sai saurayin Gaya, wanda ya ce maganinsu ke nan. Ya ɗan'uwa, yi a hankali. Cewa abu zunubi ne magana ɗaya ce, cewa mai mulki ya sa a kwantar da mai yinsa a tsula masa bulala wata magana ce daban. Da duk mai giba bulala ake yi masa, da dorinar Kano ta ƙare kafin a gama da unguwa ɗaya, kuma da manya za a fara.

Da farko ka sani kotun da ta yi hukuncin 2022 ta majistare ce, ba kotun shari'ar Musulunci ba, saboda haka kada kowa ya jingina wa Allah abin da ba a yi da sunanSa ba. Na biyu, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Burda cewa Annabi ya hana a wuce bulala 10 sai a cikin haddi. Imam Ahmad ya tsaya a kan zahirin wannan a mashahuriyar ruwaya daga gare shi. Abu Hanifa da Shafi'i sun yarda a wuce goma amma kada a kai mafi ƙarancin haddi. Imam Malik ya bar abin ga ijtihadin shugaba gwargwadon laifi. Saɓani ne sananne, ba na ɓoye maka shi. Amma ko a mazhabar Malik, ladabtarwa don maslahar jama'a aka sa ta, ba don huce haushin mai kujera ba.

Dubi yadda shugabannin farko suka yi da abin da ya shafi kansu. Anas ya ba da labari, a Buhari da Muslim, cewa wani balaraben ƙauye ya fizgi mayafin Annabi har gefensa ya yi masa shaida a wuya, yana neman a ba shi daga dukiya. Annabi ya waiwaya ya yi dariya, ya sa aka ba shi. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito cewa wani mutum ya yi wa Halifa Abubakar kakkausar magana, Abu Barza ya nemi izni ya sare shi, Abubakar ya hana, ya nuna masa cewa wannan matsayi ba na kowa ba ne bayan Annabi. Malaman tarihi kuma sun kawo cewa Sayyidina Umar ya tsare mawaƙin nan Huɗai'a saboda zambo, amma ka duba yadda aka yi: wani ne, Zibriƙan ɗan Badar, ya kawo ƙara, Umar ya kira Hassanu ɗan Sabit, masanin waƙa, ya tabbatar cewa zambo ne, daga baya ya sake shi bayan ya yi alkawarin daina taɓa mutuncin Musulmi. Mutuncin talakansa ya kare, ba nasa ba.

To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Kullum a wayoyin nan ana kwaikwayon makafi, da kutare, da Fulanin daji, da mutanen ƙauye irinmu, yadda muke magana da yadda muke ruɗewa in mun shiga birni. Wa ka taɓa ji an yi wa bulala saboda ya wulaƙanta makaho? Idan doka ba ta farkawa sai an taɓa mai jiniya, to ba mutunci take karewa ba, kujera take karewa. Wannan ce maganar da na ce ka riƙe: ayar Hujurati ba ta ƙara wa gwamna komai a kan mai gyaran takalma ba. Kuma mutanen Kano ba su manta ba, bayan kafa NEPU a 1950, yadda aka riƙa ɗaure 'ya'yanta ana yi musu bulala a kotunan En'e da sunan sun zagi manya. Yau waɗanda aka daka ake yabo, waɗanda suka sa aka yi dukan ba mai son a ce kakansa ne.

Mu nan ƙasar Gaya mun ga yadda kujera take juyawa. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayu na 2024 aka rushe dokar, bayan wata biyu aka dawo da ita a daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. A tsakanin nan wane irin izgili ne bai yi yawo a wayoyi ba, a kan sarakunan wannan ɓangare da na wancan? Wanda ya yi dariya a 2019 shi aka yi wa a 2024. Kuma na lura da wani abu a wurin samarinmu: in an kwaikwayi ɗan jam'iyyar da ba tasu ba, sai su ce barkwanci ne, in an taɓa nasu, sai su tuna da ayar Hujurati. Wanda haramcin abu bai dame shi ba sai ranar da aka yi wa gwaninsa, ba ayar yake bi ba.

Akwai wani nau'i da ya fi duk waɗannan hatsari, shi ne kwaikwayon malamai. Ba na ware kowa a nan, har da samarin da suke zama a gabanmu. Ana kwaikwayon muryar malamin da aka saɓa da shi, da yadda yake jan aya, da yadda yake kuka a addu'a, a ce ai ɗan bidi'a ne, ko a ce ai ɗan Izala ne. Kuskuren malami da hujja ake warware shi, a kawo abin da ya faɗa daidai yadda ya faɗa, a kawo aya da hadisi. Amma da zarar ka ja aya da muryar wasa, ka bar kan malamin ka hau kan abin da yake karantawa. Ka karanta aya ta 65 da ta 66 ta Suratut Tauba. Ibn Jarir ya kawo cewa sun sauka ne a kan waɗansu mutane a tafiyar Tabuka da suka yi wa makaranta Alƙur'ani na cikin sahabbai shaguɓe, da aka tambaye su suka ce hira ce kawai da wasa don rage hanya. Allah bai karɓi wannan hanzari ba. Ba ina kafirta wani yaro da ya yi wauta ba ne, wannan hukunci yana da sharuɗɗa kuma ba aikina ba ne. Ina gaya maka ne cewa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Saura wanda ya riga ya yi. Da fari ka goge abin daga wayarka da shafinka, ka kuma bi waɗanda ka tura wa ka roƙe su su goge, ko da ka san ba za ka iya kamo duka ba. A cikin dogon hadisin mafarki da Buhari ya ruwaito daga Samura ɗan Jundubu, an nuna wa Annabi azabar mutumin da yake fita da safe ya yi ƙarya ta kai ko'ina a duniya. A da mai karatu yakan yi mamakin yadda ƙaryar mutum ɗaya za ta kai haka. Yau da kuɗin data na Naira 200 an gama. Wanda ya tura wa wani shi ma yana da kasonsa, haka wanda ya riƙe kyamara.

Sa'an nan maganar neman afuwa. Idan abin ya kai ga mutumin, babu makawa sai ka je ka nemi ya yafe maka, kuma yadda ka ɓata a fili haka za ka gyara a fili. Idan bai kai gare shi ba, malamai sun yi saɓani. Waɗansu sun ce sai ka sanar da shi. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun zaɓi cewa kada ka je ka ƙunsa masa baƙin cikin da bai sani ba, ka nema masa gafara, ka ambace shi da alherin da ka sani a majalisar da ka wulaƙanta shi. Wannan shi ne abin da na fi natsuwa da shi. Amma neman afuwar kwaikwayo ba ya nufin ka janye maganar taki. Ka ce masa, ranka ya daɗe, tafiyarka da na yi na yi kuskure, ka yafe mini don Allah, buhunan nan kuwa har yanzu muna jiran a karanta mana sunayen waɗanda aka ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.